Yadda Ake Zaɓen Kalma In Za a Ɗauki Mutum Aiki a Damagaram

Maigida a Garin Malam ya tare magini ya ce masa, "Malam, gobe ka zo ka yi mini aiki." Magini ya amsa da to. A ran maigida biyan yini yake nufi, shi kuwa magini jinga ya ji. Sai katanga ta kai kafaɗa sannan a gane ba magana ɗaya aka yi ba, kuma a lokacin siminti ya riga ya bushe. Kowace kalmar ɗaukar mutum a Hausa tana tafe da yadda za a biya shi da yadda za a rabu da shi, don haka kafin a kira mutum ake zaɓenta.

Mataki na farko: ka san irin aikin da kake bayarwa

Ka amsa wa kanka tambaya uku. Har yaushe aikin zai kai? Da me za a auna biya, da yini, da wata, ko da ƙarewar aiki? Kayan aiki na wa ne? Amsar ita za ta ba ka suna.

In da yini za a biya, ƙwadago ne. A gona kuma za ka ji ana cewa barema, musamman lokacin noman fari da maimai, sa'ad da kowa ke neman hannu a rana ɗaya. Ɗan ƙwadago lokacinsa ka saya, don haka abin da za a tsayar shi ne sa'ar kamawa da sa'ar tashi. "Yini" a gonar gero sau da yawa azahar yake ƙarewa, a wurin gini kuwa yakan kai la'asar. A kuma faɗi maganar fura ko abincin rana, a kan wa take. Wanda ya yi shiru a kanta zai biya sau biyu: ya sayi abincin, a kuma ce ya yi rowa.

In da ƙarewar aiki za a biya, jinga ce. Nan ba ruwanka da sa'o'i. Ko da farin wata ya yi aikin, shi ya sani. Amma jinga ita ce ta fi kowace kalma son bayani, don duk abin da ba a ambata ba sai ya dawo gardama. Ɗauki bugun bulo. A ce an yi jingar bulo 1,000. Ana ƙirga wanda ya fashe ko ba a ƙirgawa? Buhun siminti ɗaya bulo nawa zai fitar? In ba a tsayar ba, mai jinga zai so ya ja yashi da yawa don ya gama da wuri, bulon ya fito yana marmashewa a hannu. Wa zai riƙa ba bulon ruwa kwanakin da yake bushewa? Sai babbar tambaya a garin nan, wadda baƙo ke mantawa: ruwan aikin wa zai saya? A Zinder, in bazara ta kama famfo ya ɗauke, kuɗin ƴan ga-ruwa kaɗai yana iya cinye ribar mai jinga, sai ka wayi gari ya bar maka aiki rabi. Ba mugunta ba ce, lissafi ne ya ƙi.

Jinga in ta girma ta shiga takarda, ta zama kwangila. Ɗan kwangila shi ke nemo nasa leburori, shi ke biyansu. Kada ka ce ka ɗauki leburorinsa aiki, kada kuma ka riƙa miƙa musu kuɗi kai tsaye. Ranar da ya gudu da haƙƙinsu, ƙofarka za su zo, kuma bakinka ne ya ba su hujja.

Gayya ba biya a cikinta. Taimakon juna ne, mai gayya ya yi tuwo da fura da goro, gobe shi ma a kira shi. Kuskuren da ake yi yanzu shi ne mutum ya ce "gayya" don ya samu hannu a arha alhali shi ba ya zuwa ta kowa. In za ka ba da kuɗi, kira shi ƙwadago ka faɗi farashi. In ba za ka bayar ba, ka tabbata kowa ya ji kalmar gayya da kunnensa.

In da wata za a biya kuma ba ranar ƙarewa, wannan shi ne aikin albashi, shi ne kuma ainihin inda ake cewa an ɗauki mutum aiki. Mai gadi, direba, mai sayarwa a kanti, malamin makarantar kuɗi, duk nan suke.

Akwai biyu da ke tsakani. Yaron shago, irin na kasuwar Dole, bisa al'ada ba a yanka masa albashi. Ubangida ya ci da shi, ya yi masa sutura, in lokaci ya yi ya ba shi jari, wani har aure yake masa. Tsarin yana tafiya ne a kan amana, kuma inda yake lalacewa ɗaya ne: ba a faɗi shekara nawa ba. A faɗa tun farko gaban uban yaron ko kawunsa. Na biyu ɗan koyo, wanda a gareji da wurin walda da tela ake ce wa aparanti. Shi sana'a yake karɓa maimakon albashi, sai ɗan abin sabulu. Dokar aiki ta Nijar ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, kuma wannan ya shafi ƴar aikin da ake kawowa daga ƙauye. A kanta a ƙara tambaya ɗaya: kuɗin watan hannun wa zai shiga, nata, na uwarta, ko na matar da ta kawo ta? In uwar ɗaki ba ta tsayar da wannan ba, yarinya za ta shekara tana aiki ba ta ga ko dala ba.

Mataki na biyu: ka iya sarrafa "ɗauka"

Kalma ɗaya ce amma tana sauya ƙarshe. In suna ya biyo, ɗauki: an ɗauki direba. In wakilin suna ya biyo, ɗauke: an ɗauke shi, an ɗauke su. In ba abin da ya biyo, ɗauka: mutum nawa aka ɗauka? Sunan aikin kuma ɗauka ne, shi ya sa ake rubuta "ɗaukar ma'aikata" a kan sanarwa.

Inda ake zamewa shi ne ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita. Duba waɗannan:

An ɗauke shi aiki: ya samu aiki.
An ɗauke shi daga aiki: an janye shi daga wurin, ko an sauya masa gari.
An ɗauke masa aiki: an sauƙaƙa masa, wani ya karɓi nauyin.
Ya ɗauki aiki: ya karɓi wani nauyi a kansa, kamar mai jinga. Har akan faɗe ta da tausayi, "kai, ya ɗauki aiki!"

Shi wanda aka ɗauka ba ya cewa "na ɗauki aiki." Cewa yake "na samu aiki," ranar da ya fara zuwa kuma "na kama aiki." Bambancin nan yana da kuɗi a ciki, don albashi daga ranar kama aiki ake lissafa shi, ba daga ranar da aka ce an ɗauke ka ba. Sai a rubuta ranar kamawa a fili.

"Sa aiki" kuma wani abu ne dabam. Wanda aka sa aiki an aike shi ne ko an umarce shi, ba a yi masa alkawarin komai ba. "Ba da aiki" ta fi dacewa da mai sana'ar kansa: ka ba tela aiki, ka ba kafinta aiki, amma ba ka ɗauke su ba.

Mataki na uku: ka guji kalmomin da ke kama da ita

Ɗiba ta jama'a ce, kamar yadda ake ɗibar hatsi a buhu. Ana ɗibar soja, ana ɗibar jandarma, an ɗebi leburori hamsin zuwa aikin hanya. Ba a ɗibar mutum ɗaya, kuma in ka ce wa mai digiri daga Jami'ar André Salifou "za mu ɗebe ku," ka rage masa daraja ko da ba ka nufa ba. Tsofaffi kuma suna jin wani ɗaci a kalmar, don da ita ake ba da labarin zamanin Faransawa, lokacin da ake ɗibar mutane aikin tilas kafin a soke shi a 1946. A takardar ofis "ɗauka" ta fi aminci.

Haya ta kaya ce: gida, mota, kujeru da rumfar biki, injin markaɗe. Da zarar ka jingina ta ga mutum, ma'ana ta karkace. Sojan haya shi ne mai yaƙi don kuɗi, ko wanda ya shiga jarrabawa da sunan wani. "An yi hayarsu" magana ce da ake yi wa ƴan tayar da fitina. Wanda ya rubuta "muna hayar masu gadi" ya zagi mutanen da yake nema. Ɗan haya kuma mai zama gidan wani ne da biya. Malaman fiƙihu suna da kalmar ijara, wadda ta haɗa hayar kaya da ɗaukar mutum, kuma sharaɗinta a san aikin a san ladan. Amma a bakin kasuwa Hausa ta raba su.

Naɗa ta sarauta ce da muƙami. Sarkin Damagaram yana naɗa mai sarauta da rawani, gwamnati tana naɗa gwamna. Ba a naɗa magatakarda a kanti. Zaɓa kuma sai an yi takara ko an tace. Ƴan sa-kai su ne waɗanda suka kawo kansu ba don albashi ba. In ƙungiya za ta ba su wani abu, ta kira shi kuɗin mota ko na abinci, kada ta ce albashi, don wanda ya ji albashi zai jira shi ƙarshen kowane wata.

A ofisoshi za ka ji faransanci ya shigo: rekiritima, kankur, kwantira (wato kwantiragi), dosiye (wato tarin takardun neman aiki), staj. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, takardun aiki da faransanci ake rubuta su har yanzu, saboda haka dole a iya mayar da su. Ka lura kalmar faransancin nan ta rekiritima faɗi gare ta: da ita ake ɗaukar ma'aikata, da ita ake ɗibar soja, da ita ake rubuta yara ajin farko a lakwal. Hausa kowanne da tasa. Kankur kuwa jarrabawar gasa ce, gurbi ƙidayayye, don haka "cin kankur" ya wuce samun matsakaicin maki, sai ka shiga cikin adadin da ake so. Staj koyon aiki ne na ɗan lokaci, ba alkawarin ɗauka ba. A aikin gwamnati kuma, malamin kwantiragi da ɗan hidimar ƙasa duk suna aiki, amma ba a ce sun zama cikakkun ma'aikata sai sun samu matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati.

Mataki na huɗu: rubuta sanarwa

Ko rediyo za a kai ta, ko WhatsApp, ko a liƙa a ƙofa, abu bakwai take bukata: wa ke nema, wane aiki, mutum nawa, a ina, na wane tsawon lokaci, me za a kawo, ranar rufewa. Misali:

"Ana neman masu gadi biyu na dare, a unguwar Sabon Gari. Aikin wata shida ne, biya a ƙarshen wata. Mai so ya kawo kwafin katin shaida da sunan mutum ɗaya da zai tsaya masa, kafin ranar Alhamis da azahar. Kawo takarda ba ya nufin an ɗauki mutum. Mai neman aikin ba ya biyan ko dala."

A fara da "ana neman," kada a fara da "za a ɗauki." Ta farko gayyata ce, ta biyu tana kama da alkawari. Jimlar ƙarshe kuma kariya ce ga kowa, domin duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin ɗauka a babban wuri, irin matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, sai ƴan damfara su fito da sunan wurin suna sayar da gurbin da babu shi. Wanda ya ce ka kawo kuɗi a sa sunanka, don aljihunsa yake yi.

In aikin hukuma ne, dosiye yakan ƙunshi takardar neman aiki da aka rubuta da hannu aka liƙa mata tambur, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye daga kotu (takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum), takardar likita, da kwafin takardun makaranta da aka buga wa hatimi. Kaziye wata uku yake yi ya mutu. Wanda ya ciro shi da wuri ya ajiye, ranar bukata sai ya sake. Abin da ya fi kayar da dosiye kuwa shi ne saɓanin suna: Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, ko shekarar haihuwa ta bambanta. A gyara wannan tun kafin a ji sanarwa, don ba ya gyaruwa cikin mako ɗaya.

Mataki na biyar: a faɗi kuɗi da sunansa

Lada na aikin da aka gama ne, albashi na wata, la'ada ta dillali ce ko wanda ya haɗa ku. Kafin alƙalami shi ne abin da ake bayarwa tun ba a fara ba, wanda a nan aka fi ce wa abans, kuma ana cire shi daga jimla. Goro da tukuici kyauta ne, ba a cire su. In ka miƙa wa mutum kuɗi ranar farko, faɗi wanne ne a cikinsu. In ka ce "ga wannan ka riƙe" kawai, kai abans ka bayar, shi goro ya karɓa.

Sai ƙidaya. Dala tamma biyar ce ta sefa, jika kuma dala 200, wato sefa 1,000. Wanda ya ce "ɗari biyar" a kasuwa dala yake nufi, sefa 2,500 ke nan, wanda ya karanta 500 a takarda kuwa dala ɗari ya gani. Ninki biyar ne tsakaninsu. A faɗi da baki a jika, a rubuta a sefa, a karanta wa mutum. In ma'aikacin daga Daura ko Kano ya zo, a ƙara tsayar da cewa da sefa za a biya ko da naira, don canji ba ya zama wuri ɗaya.

Ga yadda magana mai kyau take fita:

"Baba, gadin dare ne, daga isha'i zuwa fitowar rana. Jika arba'in da biyar a wata, ranar talatin. Abincin dare a kaina. Ga jika biyar abans, za a cire."
"Na ji, Alhaji. Hutu fa?"
"Kwana ɗaya a mako, mu tsayar da ranar yanzu."

Ba a kai minti biyu ba, kuma a yi ta gaban mutum biyu da ba ƴan gida ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne a wata, bayan ya daɗe a kan 30,047.

Mataki na shida: takarda da rajista

Dokar aiki ta 2012 ta san kwantiragi iri biyu: mai wa'adi da marar wa'adi. Mai wa'adi dole a rubuta shi, kuma ba ya wuce shekara biyu a zubi ɗaya. Wanda wa'adinsa ya cika aka bar shi yana ci gaba da aiki ba a ce komai ba, a idon doka ya zama na dindindin. Masu ƙananan kamfanoni da yawa a nan suke faɗawa.

Gwaji ma a rubuta shi da ranar farawa da ta ƙarewa. "Zo mu gwada ka" ba tare da wa'adi ba ita ce hanyar da ake cin gumin mutum wata da watanni. Lokacin gwaji ana biya.

Mai kamfani yana da ƙofa biyu da zai bi. Hukumar ANPE ita ke kula da neman aiki da ɗauka, a nan mai nema yake yankar kati, a nan mai ɗauka yake sanar da gurbi. Asusun CNSS kuma shi ne na fansho da haɗarin aiki da kuɗin iyali, kuma nauyin mai ɗauka ne ya yi wa ma'aikaci rajista. Ma'aikaci ya nemi lambarsa ya riƙe, kada ya tsaya ga "ai an sa ka."

Mataki na bakwai: rubuta suna ba ɗauka ba ne

Wannan ya fi shafar masu aikin ƙungiyoyi da ke fita Mirya, Magarya ko Matamaye da littafi a hannu. A kunnen mutanen gari, "an rubuta sunana" kusan daidai yake da "rabona ya tabbata." In ƙidaya kuka zo yi, ku ce ƙidaya ce, ku faɗa gaban mai gari, ku maimaita. In rajista ce wadda tacewa za ta biyo baya, ku faɗi mutum nawa za a ɗauka da ranar da za a karanta sunaye. Jeri uku ne, kowanne da sunansa: waɗanda suka yi rajista, waɗanda aka zaɓa, da ƴan jiran gurbi. In aka haɗa su a takarda ɗaya, ranar biya mutum ɗari za su zo wa kuɗin mutum ashirin.

Sauran wurare kowanne da bakinsa. Yaro sa shi ake yi a lakwal, ko a rubuta shi, makarantar allo kuma kai shi ake yi a danƙa wa malam. Ƙungiya ko jam'iyya shiga ake yi a yanki kati. Adashe ma shiga ake yi, uwar adashe ta rubuta suna, a tsayar da zubi da ranar ɗauka. Ka ga nan "ɗauka" kuɗi ake ɗauka, ba mutum ba.

Mataki na takwas: a tsayar da kalmar rabuwa tun ranar shiga

Sallama baki biyu gare ta. Yaron shagon da ubangida ya sallama jari ya samu, har a yi masa barka. Ma'aikacin da aka sallama kuwa aikinsa ne ya ƙare. Don haka in an ce wa yaro "bayan shekara biyar zan sallame ka," a tambaya: da me? A faɗi ko kuɗi ne, ko kaya, ko rumfa. Aparanti yaye shi ake yi, kuma a san ko da kayan aiki za a yaye shi.

Kora tana ɗauke da laifi, kuma tana bin mutum duk inda ya je neman aiki, musamman a gari irin wannan da kowa ya san kowa. In ciniki ne ya ja baya, a ce an rage ma'aikata. In bincike ake yi, dakatarwa ce, a faɗi kwana nawa. Wanda ya tafi don kansa ya ajiye aiki, murabus kuma an fi yi wa mai muƙami. A aikin albashi marar wa'adi, duk wanda zai raba gari sai ya ba ɗayan sanarwa tun da sauran lokaci, sai fa in babban laifi aka yi. Ranar tafiya a biya sauran albashi da kuɗin hutun da bai ci ba, a ba shi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar kamawa, ranar barin aiki, da irin aikin da ya yi. Ba a rubuta dalilin rabuwa a cikinta. In an kasa daidaitawa, ofishin sufeton aiki ake fara zuwa a nemi sulhu kafin a kai kotu, kuma abin da zai fara tambaya shi ne wace rana aka kama aiki, nawa aka yanka, wa ya ji.